Yadda Ake Kwance Firiwil ɗin Gaba Daga Hannun Fedar Keken Tirayal

Keken tirayal, wato wannan da ake tsalle da shi kan duwatsu da gungumen itace da katanga ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba, tsarinsa ya bambanta da keken da muka saba hawa. A keken yau da kullum firiwil, wato faifan nan mai haƙora da ke barin taya ta ci gaba da juyawa ko ka daina taka feda, yana cibiyar tayar baya. A yawancin kekunan tirayal na gasa kuwa, masu taya inci 20 da masu inci 26, firiwil ɗin yana gaba, a ɗaure jikin hannun feda na dama, a baya sai ƙaramin faifai mai haƙora wanda yake kafe. Galibi na gaban haƙora 18 ne, na baya 12 a ƙaramin keke, 15 a babba. Wasan daga yankin Kataloniya na ƙasar Sifen ya taso, kayansa kuma daga Turai da Sin suke fitowa, daga kamfanoni irin su Monty da Jitsie da Trialtech da Echo. Wanda keken ya faɗo hannunsa a nan ba zai leƙa kasuwa ya tsinci hannun fedarsa a rataye ba. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, hannun fedar nake karewa. Firiwil ya mutu a sake wani, amma tiredin hannun feda, wato zaren da ake murɗa firiwil a kai, in ya cinye, an gama.

Me ya sa firiwil ɗin gaba yake kafewa har kwance shi ya zama aiki? Saboda babu wanda ya ɗaure shi sai kai. Tiredinsa na dama ne, faɗinsa inci 1.37, zare 24 a kowane inci, kuma an tsara shi yadda duk takun da ka yi wa feda ƙara matse shi yake yi. Mutum mai kilo 70 in ya tsaya kawai kan feda mai hannu milimita 170, ƙarfin murɗin da ke sauka kan tiredin ya kusa mita-niyuton 120. Wannan tsayuwa ce kawai. Mai tirayal kuwa harbin feda yake yi da dukkan jikinsa, birki a riƙe, sau ɗaruruwa a yini. Ƙara da cewa firiwil ƙarfe ne, hannun feda alminiyam, in babu giris tsakaninsu ruwa ya shiga sai su manne. Wannan shi ne abin da za ka yi kokawa da shi.

Kayan aiki

Mabuɗin firiwil. Shi ne uban tafiya. Leƙa fuskar firiwil ɗin da ke kallon firam: yawanci za ka ga gurabe huɗu, don haka mabuɗi mai ƙafa huɗu kake so. Mabuɗin kamfanin Park Tool mai lamba FR-6 yana shiga da yawa daga cikinsu, amma ba duka ba, wasu kamfanonin suna da nasu. Wasu firiwil ɗin kuma maimakon gurabe huɗu ƙananan haƙora ne jere a ciki, su mabuɗinsu daban. Gwada shi da hannu tukuna. In yana rawa a gurbin, ba nasa ba ne.

Bais, wato matsen ƙarfen nan na kan benci, babba, wanda aka ɗaure shi da noti a benci mai nauyi ko a ƙasa.

Bututun ƙarfe mai kauri, tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wanda hannun feda zai shige cikinsa. Auna faɗin hannun fedarka kafin ka je nema.

Doguwar ƙusa mai noti, kaurin milimita 8 ko 10, tsawon kamar santimita 10, da manyan washa guda uku ko huɗu. Wannan 'yar ƙusar da ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba, ita ce ke raba aikin da ya yi kyau da wanda ya lalace.

Alanki mai lamba 8, fula ta cire hannun feda, sifana 15 ta feda, babbar sifana mai daidaitawa, man sassauta tsatsa, giris, burushin waya, tsumma, kananzir kaɗan, da tsohon tiyub na keke da za ka yanka.

1. Tabbatar da irin wanda kake da shi

Ba kowane firiwil ɗin gaba ne mai tiredi ba. Akwai sababbin hannayen feda da firiwil ɗin ke zama kan haƙora, sai a sa zobe a kulle shi. Irin wannan babu wahala: ka kwance zoben, ka zare firiwil da hannu. In ka kama shi da bututu kana murɗawa, haƙoran za ka kashe a banza. Duba da kyau. In ka ga zobe daban yana danne firiwil ɗin a jikin hannun feda, wannan bayanin ba naka ba ne sai wajen cire hannun fedar.

Kada kuma ka rikita wancan zoben da murfin firiwil ɗin kansa, wato faifan nan mai ƙananan ramuka da ke rufe 'ya'yan boris. Shi kowane firiwil yana da shi, kuma ba shi za ka taɓa ba yanzu.

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton yadda garkuwar take zaune. Garkuwa ita ce faifan alminiyam da ke tsakanin hannun feda da firiwil, mai kare haƙora in ka sauka kan dutse. Da yawa rabin da'ira ce, kuma inda take fuskanta ya dogara da ƙafar da kake sawa gaba. Firiwil ɗin ne ke matse ta, yana fita ita ma za ta saki.

2. Cire feda tun hannun yana jikin keke

Mutane da yawa sai sun cire hannun feda suke tuna fedar, sannan su rasa abin da zai riƙe musu. Cire ta yanzu. Fedar dama tiredinta na dama ne: in kana tsaye gefen sarƙa, juya sifana saɓanin tafiyar hannun agogo. Ta hagu ce mai tiredin hagu, kuma yau ba ruwanka da ita.

3. Sauke sarƙa

Sassauta tayar baya, ka tura ta gaba ko ka saki abin da ke ɗame sarƙar, sannan ka sauke ta daga haƙoran firiwil. A kula: a keke mai firiwil ɗin gaba, muddin tayar baya na juyawa sarƙa ma juyawa take, ko feda na tsaye. Yaro ya zo ya wulwula tayar da wasa yatsanka na tsakanin sarƙa da haƙori, ba za ka ji da daɗi ba. Riƙe birkin baya ko ka ɗaure shi da roba har ka gama.

4. Cire hannun feda daga sandar tsakiya

Babu yadda za ka kai ga gurabun firiwil alhali hannun na jikin keke, domin sandar tsakiya, wadda hannayen feda biyu ke ɗaure a kanta, ta bi ta cikinsa. Sa alanki 8 ka kwance ƙusar hannun feda. Leƙa cikin ramin: in akwai washa da ya rage, zaro shi. In ka bar shi, fula za ta danna washan maimakon sandar, ta kwashe tiredin.

Ja harshen fula baya gaba ɗaya, ka shafa wa tiredinta giris, ka murɗa ta cikin hannun feda da yatsu har ƙarshe, sannan ka ɗan ƙara da sifana. Zare uku ko huɗu ba su isa ba, sai ta shige duka. Daga nan ka murɗa harshen ciki, zai yi tauri, sai kuma hannun ya saki.

Sandar tsakiya iri biyu ce a waɗannan kekunan: mai kai murabba'i, da ISIS mai haƙora goma. Ta ISIS ramin cikinta ya fi faɗi, harshen fula siriri zai faɗa ciki ya ɓata tiredin sandar. Tana bukatar fula mai faffaɗan kai, ko ka sa wani ɗan faifan ƙarfe mai kauri a bakin sandar don harshen ya sami abin dannawa.

In ba ka da fula, ara wajen mai gyaran keke. Akwai masu sassauta ƙusa su hau keken har hannun ya yi sako-sako. Yana fita, gaskiya ne, amma ramin alminiyam ɗin yana buɗewa, daga ranar kuma ba zai sake zama daram ba. Guduma daga baya ma haka, boris ɗin tsakiya take kashewa.

5. Wanke, ka jiƙa

Goge ƙasa da tsohon mai daga gurabun da burushin waya da kananzir, ka bi kusurwoyin da tsinke. Ƙasar da ta daskare a gindin gurbi tana hana ƙafar mabuɗi zama, kuma gurabun nan ba su da zurfi, rabin milimita ma asara ce.

Ajiye hannun fedar firiwil na kallon sama, ka ɗiga man sassauta tsatsa daidai inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam, ta ciki. Juya, ka ɗiga ta wajen garkuwa. Bar shi ya kwana. Makanikai da yawa man birki suke zubawa kan noti mai tsatsa. A nan ka guje shi, yana cin fenti. Kananzir da aka gauraya da ɗan man inji ya fi shi. Kada dai ka sa rai da yawa: mai yana taimakawa in tsatsa ce, amma matsin da ƙafarka ta yi, mai ba ya warware shi.

6. Ɗaure mabuɗi a jikin firiwil

A nan aikin yake, kuma nan aka fi ɓata shi. Ƙarfin da za ka saka ya ninka abin da hannu zai iya dannewa. Mabuɗin da ba a ɗaure ba zai ɗago, ya zame, ya share kusurwar gurabun. Zamewa ɗaya ta isa. Da zarar kusurwa ta kwanta, kowane gwaji na gaba ƙara zamewa yake yi.

Zauna da ƙafafun mabuɗin cikin gurabun, ka tabbatar duka huɗun sun kai ƙasa. Zura doguwar ƙusar ta ramin hannun feda, ta ratsa firiwil, ta fito ta tsakiyar mabuɗin. Sa babban washa a kowane ɓangare. Na wajen hannun feda ya zama mai faɗin da zai haye bakin ramin gaba ɗaya, don kada ya zauna kan tiredin da fula ke kamawa. In washan siriri ne, haɗa biyu, don guda ɗaya lanƙwashewa zai yi. Ta wajen mabuɗi kuma washan kada ya fi jikin mabuɗin faɗi, in ba haka ba zai hana bais kamawa.

Ɗaure notin har mabuɗin ya daina motsi ko kaɗan. Ba sai ka hau kansa ba. Girgiza shi da hannu: in ka ji ƙas-ƙas, ƙara.

7. Kama mabuɗin a bais

Juya kayan, mabuɗi a ƙasa, hannun feda a sama a kwance. Kama lafiyayyun gefuna biyu na mabuɗin a tsakiyar bakin bais, ba a gefe ba, ka matse iya ƙarfinka. Notin ƙusar zai sauka tsakanin laɓɓan bais ɗin, ka bar masa wuri.

Dubi bencin. In tebur ne mara nauyi, kai da shi za ku zagaya ɗaki. Sa mutum biyu su danne, ko ka nemi bais ɗin masu walda wanda aka kafa kan ƙarfe a ƙasa.

Naɗe hannun fedar da tsohon tiyub, ninki biyu, sannan ka zura bututun har gindi, kusa da garkuwa iya yadda zai shiga. In bututun ya tsaya a bakin ramin feda kawai, duk ƙarfin a wuri mafi rauni zai taru, ko ya lotsa ramin ko ya karkatar da hannun.

8. Murɗa

Ina za a juya? Tsaya kana kallon hannun fedar daga sama, wato fuskar da ke waje in yana kan keke. Za ka juya shi saɓanin tafiyar hannun agogo. Hanya mafi sauƙin tunawa: taka feda gaba shi ya ɗaure shi, don haka juya feda baya shi zai kwance shi. A kan keke in ka juya baya firiwil kukansa kawai yake yi, amma yanzu mabuɗi ya riƙe cikinsa, tiredin ne zai amsa.

Kama ƙarshen bututun, ka buɗe ƙafafu, ka tura da nauyin jikinka a hankali kana ƙarawa. Bututun ya tafi a kwance, kada ka danna shi ƙasa ko ka ɗaga sama, don hakan ɗago mabuɗin yake yi daga gefe ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne: turin kilo 30 a ƙarshen bututu mai mita ɗaya da rabi ya haura mita-niyuton 400. Da sifana mai tsawon taƙi ba za ka taɓa kai wa nan ba, ko kai ɗan dambe ne.

Fizga ba ta da amfani. Turi mai ɗorewa ake so, daƙiƙa goma, goma sha biyar, kana ƙara nauyi. In ya ƙi, huta, duba ko mabuɗin na nan zaune, ƙara ɗaure notin in ya saki, sake gwadawa. In akwai mai taimaka maka, kana cikin turi ya ɗan bubbuga bututun da guduma kusa da hannunka ta inda kake turawa. Girgizar kan karya mannewar. Har yanzu ya ƙi? Ƙara tsawon bututu, kada ka ƙara fushi.

Lokacin da zai saki, ƙara yake yi, ɓas! kamar wani abu ya karye, bututun kuma ya tafi gaba ɗaya lokaci guda. Ka shirya wa wannan. Share gabanka, kada a sami bango ko kan ƙarfe inda gaɓoɓin yatsunka za su sauka, kuma ƙafa ɗaya ta kasance gaba don ta tare ka.

9. Tsaya, sassauta ƙusar

Da ka ji ya motsa, ko da kwatan zagaye ne, tsaya cak. Firiwil in yana kwancewa nisa yake yi da hannun feda, wajen milimita ɗaya a kowane zagaye, doguwar ƙusar nan kuwa tana riƙe su tare. In ka ci gaba da murɗawa da bututu, ƙusar ba za ta ba da hanya ba, tiredin alminiyam ne zai bayar. Mutum ya ci nasarar aikin, ya kashe hannun fedarsa cikin murna.

Sassauta notin zagaye ɗaya, juya hannun rabin zagaye, sake sassautawa. In ya yi laushi, cire bututu da ƙusar gaba ɗaya, ka ƙarasa da hannu. In bayan zagaye ɗaya ko biyu ya sake yin tauri, kada ka tilasta. Mayar da shi baya kaɗan, ɗiga mai, sake kwancewa, gaba da baya haka har ya fita. Garkuwa da duk wani siririn zobe da ke ƙarƙashinta, ajiye su bisa jerin da ka same su.

In babu bais

Sai a juya tsarin: hannun feda ya tsaya, mabuɗi ya juya. Naɗe hannun da tiyub, ka cusa shi inda ba zai motsa ba, misali cikin bututun da aka binne a siminti ko tsakanin ƙarafa biyu masu kauri. Wasu suna shimfiɗa katako, su ɗora hannun, su ɗora wani katakon, a taka da tayar mota. Yana yi, in dai katakon ya rufe alminiyam ɗin sama da ƙasa. Sai ka sa babbar sifana a mabuɗin, ka zura mata bututu. Yanzu kana kallon fuskar firiwil mai gurabe, kuma nan ma saɓanin hannun agogo za ka juya. Sifana mai daidaitawa tana buɗe baki in ƙarfi ya yi yawa. In ka sami mai zobe ko soket daidai girman, ya fi. Kan mabuɗin Park Tool faɗinsa inci ɗaya ne.

Ni dai shawarata, ɗaura mabuɗinka da ƙusarsa a gida, ka saka a jaka da bututunka, ka je garejin da ke da bais. Aikin minti biyar ne. Amma ka tsaya a kansa, don wanda bai san kayan ba hannunsa guduma da kurfi zai fara kaiwa.

In babu mabuɗi

Kada ka sa kurfi a gurbi kana duka. A keken gida mai firiwil ɗin baya wani lokaci a dace, a nan kuwa ba zai motsa ba, gurbin kawai za ka buɗe. Abin da ya fi shi ne a ƙera maka. Nemi tsohon soket na mota wanda faɗin bakinsa ya yi daidai da da'irar gurabun. Shafa wa fuskar firiwil alli ko baƙin mai, ka danna soket ɗin don alamar ta fito, sannan mai walda ya gurje tsakani da giranda ya bar ƙafafu huɗu. A ƙarasa da magagari, ana yi ana gwadawa, har su shiga da ɗan matsi, kusurwarsu a tsaye ba a kwance ba. A riƙa tsoma shi a ruwa ana gurzar, don in ya yi shuɗi ƙarfen ya yi laushi. Ramin soket na baya ya isa ƙusa mai milimita 8 ta wuce, a gurje masa gefe biyu kuma don bais ya kama.

Batun wuta

Kowa zai ce maka a gasa shi. Yi tunani tukuna. Alminiyam yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, kuma a nan alminiyam ɗin ne a ciki, ƙarfe a waje. Ka gasa su tare, na cikin ya ƙara cika na wajen. Ban da haka wutar walda tana kashe ƙarfin alminiyam ɗin, ta ƙone giris, ta sassauta sifirin ɗin cikin firiwil. Hannun fedar da aka gasa zai iya karyewa ranar da ka diro daga katanga.

Sanyi ne abokinka. Ɗaura mabuɗin, ka saka duka a leda, ka bar shi cikin firiza ya kwana. Alminiyam zai tsuke fiye da ƙarfen. Bambancin kaɗan ne, bai kai kaurin gashi ba, amma a tiredin da ya kafe yana iya zama abin da ake nema. Ka shirya bais da bututu tun kafin ka ciro shi, don cikin zafin rana 'yan mintuna kaɗan gare ka. In wanda ya haɗa keken ya sa gam ɗin tiredi, to shi zafi yake so, amma na hankali: tafasasshen ruwa a kan ƙarfen, ba harshen wuta ba.

In gurabun sun riga sun cinye

Firiwil ɗin ya zama hadaya, hannun feda za a ceta. Sa ɗan kurfi mai tsini a ramin murfin firiwil, ka bubbuga. Wannan murfin yawanci tiredin hagu ne, don haka bin tafiyar hannun agogo yake kwancewa. Yi a cikin faranti, don ƙananan 'ya'yan boris za su watse. Ɗage zoben haƙoran, cire 'yan harsunan ƙarfe da sifirin ɗinsu. Abin da ya rage shi ne cibiyar da ke manne da hannun feda. Kama ta a bais, laɓɓansa su zauna kan wuraren da harsunan suka fita, ko ka gurje mata gefe biyu. Matse daidai yadda ba za ta zame ba, in ka wuce kima za ka lotsa ta ta ƙara shaƙe tiredin. Sai bututu, kamar yadda aka yi a baya.

In wannan ma ya gagara, sai yanka. Da zarto ko ƙaramar giranda, tsaga cibiyar daga waje zuwa ciki, ka tsaya saura kaɗan ka kai tiredi. Sa kurfi a tsagar ka buga, za ta buɗe, matsin ya saki. Yi a hankali, kana dubawa bayan kowane ɗan yanka, kuma ka sa tabarau. Ko ka ɗan taɓa tiredin a wuri ɗaya ba zai hana shi aiki ba, a share da ƙaramin magagari.

10. Mayarwa

Wanke tiredin hannun feda da kananzir da burushi mai laushi, ka duba shi a haske. In ka ga zaren alminiyam yana fita kamar waya, tiredin ya tafi, kada ka hau shi. In lafiya yake, shafa giris sosai a ɓangarorin biyu. Giris mai jan ƙarfe a ciki, wanda ake sawa don hana mannewa, ya fi. Giris ba zai sa ya kwance ba, tunda taku ɗaure shi yake yi, amma shi zai sa kwancewa ta gaba ta zo da sauƙi.

Mayar da garkuwa. Ɗora firiwil, gurabe suna kallon firam. Juya shi baya a hankali har ka ji tiredin ya faɗa gurbinsa, sannan ka ɗaura da yatsu. Ya kamata ya tafi zagaye da yawa ba gardama. In ya tsaya a zagaye na farko ko na biyu, ya hau karkace, fito da shi ka sake. Ƙarfe kan alminiyam ba ya jin komai, sabon tiredi zai yanka wa kansa. Duba kuma cewa garkuwar ba ta yi kaurin da zai cinye tiredin ba; in zare uku ko huɗu kawai firiwil ya kama, harbi ɗaya mai ƙarfi zai kwashe su.

Garkuwa takan ɗan bi firiwil lokacin da yake ƙarasa matsewa, don haka duba ta da hoton da ka ɗauka bayan hawan farko. Mayar da hannun feda kan sanda, daidai kishiyar na hagu, ka ɗaure ƙusarsa tamau, wajen mita-niyuton 40 in kana da sifanar awo. Juya shi da hannu ka gani ko firiwil yana gogar firam ko kofin da ke riƙe sandar tsakiya. In yana goga, murfinsa zai iya kwancewa a hanya, sai a gyara tazarar kafin a hau. Mayar da feda da giris, ɗora sarƙa, ɗame ta, ka hango daga baya ko ta miƙe tsakanin haƙoran gaba da na baya.

A ƙasa mai faɗi, riƙe birki biyu, ka taka fedar da sannu kana ƙara nauyi. Za ka ji ta ɗan sulale ƙasa sau ɗaya ko biyu, firiwil ne yake zama. Maimaita har ta daina. Kada ka je bakin katanga ko kan dutse kafin wannan sulalewar ta ƙare, kuma bayan hawan farko sake bin ƙusar hannun feda da alanki.